BABI NA HUƊU: ƘAURAR ƘANANAN TAURARI DAGA KATUN NA TALABIJIN ZUWA MUJALLUN ZANE

4.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayani a kan manyan taurarin labaran gwarazan al'ajabi na ƙasar Amurka, irin su Superman da Batman da Spider-Man, waɗanda aka haifa a shafukan mujallun zane, daga baya talabijin ta aro su. Wannan babi kuwa zai dubi waɗanda suka yi tafiyar ta ɗaya ɓangaren, wato ƙananan taurarin da aka fara ƙirƙira domin katun na talabijin, sannan kamfanonin DC da Marvel suka shigar da su cikin mujallunsu. Abin da ake nufi da ƙaramin tauraro a nan shi ne wanda labari ba nasa ba ne, an dai kawo shi domin ya yi wa babban tauraro rakiya, ko ya ba da dariya, ko ya cike wani gurbi.

Yana da kyau tun da farko a bambance mujallu iri biyu. Akwai mujallar rakiya, wadda ake bugawa domin ta bi sawun shirin talabijin, kuma abin da ya faru a cikinta bai shafi sauran mujallun kamfanin ba. Akwai kuma mujallun da ke cikin babban zaren labarin kamfani, inda duk abin da ya sami tauraro a wannan mujalla yake bin sa zuwa waccan, shekara da shekaru. Shiga mujallar rakiya tamkar sauka ce a zaure, shiga babban zaren labari kuwa shi ne samun ɗaki a cikin gida. Ra'ayin da wannan babi zai yi ƙoƙarin kafawa shi ne, marubutan mujallu sun mayar da wahala ta zama kuɗin shiga wannan gida, kuma ba kowane lokaci ne wahalar take biyan bukatar labari ba.

4.1 Dalilan Ƙirƙirar Su

Idan aka bi asalin waɗannan taurari za a tarar cewa mafi yawansu ba jigon labari ne ya haife su ba, matsalar ofis ce. Alal misali, a shekarar 1978 aka shirya katun na Fantastic Four, amma aka tarar an riga an ba wani kamfanin fim izinin amfani da Human Torch, ɗaya daga cikin taurarin huɗu, mai rikiɗa ya zama wuta. Tun da sunan shirin ya ce huɗu ne, dole a nemo na huɗu, sai Stan Lee da Jack Kirby suka samar da wani ɗan mutum-mutumi mai suna H.E.R.B.I.E. An daɗe ana yaɗa cewa an cire Human Torch ne don gudun kada yara su cinna wa kansu wuta wajen kwaikwayonsa, amma maganar izinin ce gaskiyar lamarin. Irin wannan matsala ta sake tasowa a 1981 wajen shirya Spider-Man and His Amazing Friends. An so a haɗa gwarzon ƙanƙara da gwarzon wuta su raka Spider-Man, ba a sami Human Torch ba, sai aka ƙago wata budurwa mai jan gashi, Firestar, ta riƙe ɓangaren wutar.

Na kamfanin Hanna-Barbera kuwa dalilinsu daban ne. A shirin Super Friends na 1973 sun sanya matasa biyu marasa wata baiwa, Wendy da Marvin, tare da karensu Wonder Dog, domin yaron da ke kallo ya ga ɗan'uwansa a tsakanin gwaraza. A 1977 aka sallame su, aka kawo tagwaye Zan da Jayna daga duniyar Exxor tare da birinsu Gleek. Idan tagwayen suka haɗa dunƙulen hannu, Jayna takan rikiɗa ta zama duk dabbar da ta so, Zan kuma ya zama ruwa ko ƙanƙara ko tururi. A wannan shekara ce kuma aka ƙaro Black Vulcan da Apache Chief da Samurai, sannan El Dorado a 1981, domin kada a ce duk gwarazan Turawa ne farar fata.

Abin lura a nan shi ne, tauraron da aka yi domin cike gurbi ba ya bukatar tarihi. Shirin safiyar Asabar ne, kuma gidajen talabijin na lokacin suna da tsauraran ƙa'idoji a kan nuna duka da jini ga yara. Saboda haka abin da aka ba irin wannan tauraro bai wuce sutura mai launi, da baiwa guda, da murya ba.

4.2 Abin da Ake Bari a Hanya

A cikin kayan nan uku, biyu ne kaɗai suke iya hawa takarda. Sutura za a zana ta, baiwa ma za a zana ta, amma murya ba ta zanuwa. Wannan ba baƙon abu ba ne ga mai nazarin adabin Hausa, domin duk wanda ya saurari tatsuniya daga bakin tsohuwa ya san rabin Gizo tsamin bakinsa ne. Da zarar an rubuta tatsuniyar a littafi, wayonsa da haɗamarsa suna nan, amma dariyar da lafazinsa ke jawowa sai dai mai karatu ya cike ta da tunaninsa. To, haka abin yake ga tauraron katun. Mai zanen mujalla yana da akwatunan hoto marasa motsi da 'yan da'irorin da ake rubuta magana a ciki, don haka dole marubuci ya nemo abin da zai maye gurbin muryar da aka bari a talabijin.

Sannan masu karatun ma ba ɗaya ba ne da masu kallon. Daga ƙarshen shekarun 1970 cinikin mujallun zane ya riƙa komawa kantuna na musamman, inda masu saye samari ne da magidanta da suka daɗe suna bin labarin. A 1986 aka fitar da The Dark Knight Returns da Watchmen, waɗanda suka sa baƙin labari ya zama abin yayi. Dokar tace mujallu da kamfanonin suka kafa wa kansu tun 1954 ita ma ta riƙa sassautawa, har Marvel ta fice daga cikinta a 2001, DC kuma a 2011. Ga irin waɗannan masu karatu, tauraron da ya fito daga shirin yara abin raini ne. Ke nan marubuci yana da aiki biyu, ya cike gurbin murya, ya kuma wanke tauraron daga zargin yarinta. Hanya mafi sauƙi da aka gano ta yin duka biyun a lokaci guda ita ce a jefa shi cikin bala'i.

4.3 Wahala a Matsayin Kuɗin Shiga

H.E.R.B.I.E. ne ya fara biya. Marv Wolfman da John Byrne sun shigar da shi Fantastic Four fitowa ta 209 a 1979, ba a jima ba aka bayyana cewa ruhin wani mugu, Doctor Sun, ya shige shi, kuma a fitowa ta 217 ya tarwatsa kansa domin ya hallaka mugun. Bai yi shekara guda a gidan ba.

Labarin Firestar ya fi wannan tsawo da ban tausayi. A talabijin ɗalibar jami'a ce mai fara'a, tana zaune a gidan gwaggon Spider-Man, ba ta da wata damuwa da ta wuce ta ranar. Da Chris Claremont ya kawo ta Uncanny X-Men fitowa ta 193 a 1985, sai ga ta a cikin ɗaliban Emma Frost, wato a ɓangaren abokan gaba. A 1986 Tom DeFalco da mai zane Mary Wilshire suka ba ta tarihi cikin fitowa huɗu. A nan Angelica Jones yarinya ce 'yar shekara 13, marainiyar uwa, kakarta da ke lallashinta ta rasu, mahaifinta kuma ya tsorata da baiwarta ya miƙa ta makarantar Emma Frost. Ita kuwa Frost so take ta horar da yarinyar ta kashe mata kishiyarta a mulki, Selene. Domin ta karya mata zuciya, sai ta kashe dokin da yarinyar ke ƙauna, ta kuma bar ta tana zaton zafin jikinta ne ya kashe shi.

A ganin mai wannan nazari, wannan wahala ta yi aiki, domin daga baiwar tauraruwar aka ciro ta. Yarinyar da ke fitar da zafi daga jikinta, abin da zai fi tsorata ta shi ne ta ƙona abin da take so, kuma wannan tsoro shi ya zama halinta na taka-tsantsan a New Warriors daga 1990 da Avengers daga 1998. Sai dai marubutan baya ba su tsaya nan ba. An ce baiwarta na iya hana ta haihuwa, sannan a Marvel Divas na 2009 aka ɗora mata ciwon dajin mama. Mai karatu zai fara tambaya ko babu wani labari da za a iya ba wannan baiwar Allah sai na asibiti.

X-23 ta ɗan bambanta, domin ita da wahalarta ta taso. Craig Kyle ya ƙirƙire ta a 2003 a shirin X-Men: Evolution, a matsayin yarinyar da aka kwafo daga halittar Wolverine aka rene ta don ta zama makami. Wannan kaɗai ya isa tarihi. Amma da ta bayyana a mujallar NYX fitowa ta 3, wadda Joe Quesada ya rubuta, sai aka nuno ta ƙaramar yarinya tana zaman kanta a birnin New York ƙarƙashin wani kawali, ba ta ko magana sosai. Wannan ƙari bai da alaƙa da asalinta, kuma bai bayyana komai game da ita ba. Sai a 2005, da Kyle da Christopher Yost suka karɓi alƙalamin, aka sami wahalar da ta dace da ita, wato wani ƙamshi da aka horar da ita ta kashe duk wanda aka shafa wa, wanda a ƙarshe aka shafa wa likitar da ta ɗauki cikinta, Sarah Kinney. A kan wannan tushe aka gina ta har ta gaji sunan Wolverine a 2015.

Inda abin ya fi muni shi ne kan Wendy da Marvin. Geoff Johns ya shigo da su Teen Titans fitowa ta 34 a 2006 a matsayin tagwaye masu kaifin ƙwaƙwalwa da ke kula da hedikwatar ƙungiyar. A fitowa ta 62, cikin 2008, Sean McKeever ya sa suka tsinci wani kare suka raɗa masa suna Wonder Dog. Da dare karen ya rikiɗa ya zama dodo, ya kashe Marvin, ya yi wa Wendy raunin da ya bar ta a keken guragu. Idan aka cire sanin da mai karatu ya yi wa karen 1973, babu abin da ya rage a wannan fage. Ba a gina Marvin ya kai a yi kukan mutuwarsa ba, kuma mutuwar ba daga halinsa ko kuskurensa ta fito ba. Abin da aka kashe shi ne ƙuruciyar mai karatu, an kuma yi hakan ne don a nuna masa cewa mujallar ta manya ce. Gaskiya ne Bryan Q. Miller ya yi ƙoƙarin gyara ɓarnar a Batgirl, inda Wendy ta zama Proxy, mai taimaka wa gwarzuwar ta hanyar kwamfuta, amma gyaran wani ba ya wanke laifin wani.

4.4 Harley Quinn

Dole a tsaya a kan wannan tauraruwa fiye da sauran, domin ita ce ta fi kowa nasara, kuma ita ce za a iya kawowa a matsayin hujjar da ta saɓa wa ra'ayin wannan babi. Paul Dini da Bruce Timm suka ƙirƙire ta domin kashin "Joker's Favor" na Batman: The Animated Series a watan Satumba 1992. Ba a yi nufin ta wuce fitowa ɗaya ba, 'yar koren Joker ce kawai. Murya ce ta cece ta. Dini ya ga abokiyarsa ta makaranta, Arleen Sorkin, ta fito da shigar wawan sarki a wani shirin talabijin, sai ya gina tauraruwar a kanta, ya kuma ba ta aikin muryar. Sorkin, wadda ta rasu a 2023, ta ba Harley wata siririyar murya mai karin harshen unguwannin New York, wadda ke iya juyawa daga shagwaɓa zuwa barazana cikin jimla guda. Ke nan a cikin duk taurarin da aka ambata babu wadda ta fi ta asara idan aka raba ta da sauti.

Ta fara sauka a zaure, a mujallar rakiya The Batman Adventures fitowa ta 12 a 1993. Bayan haka Dini da Timm da kansu suka yi Mad Love, wanda ya ci lambar Eisner a 1994. A nan aka bayyana cewa ita ce Dokta Harleen Quinzel, likitar ƙwaƙwalwa a asibitin Arkham, wadda Joker ya yaudara da labarin ƙarya na uba mai duka har ta kamu da son sa. Fagen da ya fi ɗaukar hankali shi ne inda ta kama Batman ita kaɗai, abin da maigidan nata ya kasa yi shekara da shekaru. Joker ya taɓa shirya jefa Batman cikin tankin kifaye masu cin nama, ya fasa saboda kifayen ba sa murmushi. Harley ta warware matsalar, ta rataye Batman kai ƙasa domin a idonsa bakin kifayen ya juye ya zama murmushi. Ladan da ta samu shi ne Joker ya tunkuɗo ta daga taga, don ba zai jure wani ya fi shi a sana'arsa ba. A ƙarshe tana kwance cikin bandeji tana rantsuwar ta rabu da shi, sai ta ga fure ɗaya da ya aiko, nan take ta koma gidan jiya.

To, ita ma ai wahala ce, har ma ta fi ta wasu zafi. Bambancin shi ne, wahalar tana nan tun a talabijin, ana ganin Joker yana hantarar ta ana dariya. Abin da mujallar ta yi shi ne ta sa mai karatu ya dubi abin da ya daɗe yana yi wa dariya. Haka kuma ba a jefar da barkwancin ba. Dabarar kifayen abin dariya ce, kuma ita ce hujjar basirar Harley, ita ce kuma sanadin faɗowarta. Zanen Timm ya maye gurbin murya da fuska da jiki, ta yadda idanu da kafaɗu suke yin abin da maƙogwaron Sorkin yake yi. Shaidar cewa ba a karya tauraruwar ba ita ce, a 1999 an mayar da labarin katun ba tare da an sauya ginshiƙinsa ba.

A wannan shekara ta 1999 ne ta shiga babban zaren labarin DC, ta sami mujallarta a 2000. Amma ita ma ba ta tsira daga yayin ba. Bayan kamfanin ya sabunta dukkan labaransa a 2011, an sake mata asali a Suicide Squad, inda Joker ya jefa ta cikin tukunyar sinadarin da ta mayar da shi fari fat, aka kuma rage mata sutura. Wannan sauyi ya raunana ta, domin a Mad Love ita ta zaɓi hanyarta da ƙafarta, kuma wannan zaɓi shi ne abin tsoron, shi ne kuma abin tausayin. Da aka ce sinadari ne, an mayar da ita kwafin Joker. Sai a 2013 Amanda Conner da Jimmy Palmiotti suka ɗauke ta daga Gotham zuwa Coney Island, suka raba ta da shi, suka dawo mata da dariyarta.

4.5 Tagwayen Exxor da Waɗanda Aka Bari a Baya

Zan da Jayna sun shiga gidan sau biyu, don haka su ne ma'auni mafi kyau. A mujallar rakiya ta Super Friends, E. Nelson Bridwell ya riga ya ba su ɗan tarihi na marayun da suka tashi a dandalin wasannin nishaɗi na sararin samaniya. A 1995, cikin Extreme Justice fitowa ta 9, aka shigo da su babban zaren labari a matsayin bayin da suka gudo daga ubangidansu, ba sa jin harshen kowa. An biya kuɗin shiga, amma ba a sami ɗaki ba, domin mujallar ta mutu a 1996, su kuma suka koma fitowa jefi-jefi.

A 2019 Mark Russell da mai zane Stephen Byrne suka sake gwadawa cikin fitowa 12, kuma ba su ɓoye abin da ake raina tagwayen a kansa ba. Shekaru ana yi wa Zan ba'a cewa baiwarsa ba ta wuce ya zama ruwa a bokiti ba, sai Russell ya mayar da rainin jari. Tagwayen 'yan sakandare ne da aka ba aikin zaman gadi a hedikwatar gwaraza, ana tura musu ƙananan miyagun da manya ba su da lokacinsu. Daga wannan kujera ta ƙasa Jayna ta ga abin da Superman bai cika gani daga sama ba, musamman gidan yarin kasuwa da kamfanin Lex Luthor ke gudanarwa, inda fursunoni ke aikin amsa waya don ribar mai gidan. Ta fara tambayar ko kama mutane da ɗaure su yana gyara wani abu. Akwai nauyi a labarin, amma ba a yanka kowa ba kafin a same shi, kuma Gleek yana nan da ransa.

Su kuwa Black Vulcan da Apache Chief da Samurai da El Dorado ba su sami gindin zama ba, sai leƙe. Black Vulcan ya iske mai gurbin a gida, domin DC tana da Black Lightning tun 1977, kuma mahaliccinsa Tony Isabella ya sha faɗin cewa saɓani a kan haƙƙinsa ne ya sa aka ƙago madadin. Apache Chief kuwa ba shi da suna na yanka, ba shi da gari, ba shi da dangi, ƙabilarsa ce sunansa kuma ita ce suturarsa. Da Joe Kelly ya so amfani da shi a JLA a 2002, sai ya ga gara ya gina sabon mutum, Manitou Raven, ya ba shi mata da zamani da dalili, abin da ya ɗauko daga na talabijin bai wuce kalmar da yake furtawa idan zai ƙara girma ba.